INJIN BUGUN JIJIYA: A DUBA HAJA KAFIN A BIYA KUƊI

Jawabin da wani ɗan kasuwa daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata da aka yi a unguwar GRA, Gombe.

  

Maganar da aka ɗora mini yau ta ciwon jiki ce, wato ciwon dunduniya da kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, da kuma wani inji da ake ta labarinsa yanzu wai yana maganinsu. Masu shi suna kiransa shokwef. Ni dai zan kira shi injin bugun jijiya, don abin da yake yi ke nan. Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka da idon ɗan kasuwa na dubi maganar. Na zauna da masu aikin gashin ƙashi na yi musu tambayoyi, yaranmu da suka yi karatun asibiti suka karanto mini abin da aka rubuta, sa'an nan na auna shi kamar yadda nake auna haja. A kasuwa ba a cinikin biri a sama. To, haka ya kamata ya zama a sha'anin magani.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu a fili yake. Yawancinmu nema ne ya kawo iyayenmu ko mu kanmu garin nan, daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da sauransu, kuma jikinmu shi ne jarinmu na farko. Mai shago yana tsaye a kan siminti daga hantsi har almuru. Ɗan dako a Tudun Hatsi yana saɓa buhu mai kilo 100. Tela da mahauci da makanike hannu ɗaya suke juyawa sau dubu a wuni. Iyayenmu mata kuwa ga daka, ga matsar wanki, ga goyo. Shekara ta kai 45 ko 50, sai jiki ya fara kawo lissafinsa. Ranar da ƙafa ta ƙi taka ƙasa, ranar shago a rufe yake, kuma mutumin da ciwo ya hana shi nema, duk wanda ya ce masa ga magani zai miƙa kuɗi ba tare da tayi ba. Nan ne hatsarin yake.

ASALIN INJIN

Da farko a cire wani tsoro. Mutane suna jin sunan sai su zaci shokin ɗin wutar lantarki ake yi wa mutum. Babu wutar da ke shiga jiki. Abin da ke shiga shi ne bugun amo mai ƙarfi, irin wanda kuke ji yana girgiza tagar ɗaki idan aka yi tsawa kusa. An tara wannan bugu ne a bakin wani ƙarfe, ana ɗora shi a kan wurin da ke ciwo.

Asalinsa daga Jamus ne, kuma ba don ciwon gaɓoɓi aka ƙera shi ba. Wani kamfani mai suna Dornier, wanda aikinsa ƙera jiragen sama ne, shi ya lura da irin ɓarnar da wannan bugu ke yi wa abu mai tauri. Suka haɗa kai da likitocin birnin Munich, suka ce me zai hana a fasa tsakuwar ƙoda da shi daga waje, ba tare da an tsaga mutum ba. A watan Fabrairu na 1980 aka yi wa mutum na farko, ƙarƙashin wani likita Christian Chaussy da abokan aikinsa. A lokacin sai an kwantar da majiyyaci cikin bahon ruwa. Tsakuwa ta farfashe ta zama kamar yashi, ta fita ta fitsari. Har yau ana wannan aiki a duniya.

Daga nan likitoci suka lura cewa bugun yana taɓa ƙashi da jijiyar da ke kusa. A farkon shekarun 1990 likitocin Jamus suka fara gwada shi a kan ciwon kafaɗa, sa'an nan dunduniya da gwiwar hannu. A shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda take kamar NAFDAC ɗinmu, ta amince da wani inji mai suna OssaTron don ciwon dunduniya da ya daɗe bai ji magani ba. Ku riƙe wannan magana ta daɗewa, zan dawo kanta.

Injin iri biyu ne. Akwai mai tara bugun wuri ɗaya can ciki, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Wannan ya fi tsada, ya fi shiga da nisa. Akwai kuma mai baza bugun, wanda a cikin hannunsa akwai ɗan dunƙulen ƙarfe da iska mai ƙarfi ke harbawa yana dukan bakin injin, ƙat-ƙat-ƙat. Wannan ƙarfinsa a kusa da fata yake ƙarewa, kuma shi aka fi samu a ɗakunan gashi don ya fi araha.

Yadda ake yi kuwa, za a shafa wani mai mai santsi a wurin, a danna bakin injin, a yi bugu wajen 2,000 cikin minti 5 zuwa 15. Yawanci ana yi sau 3 zuwa 5, mako-mako. Akwai zafi, kada wani ya ce muku babu, amma zafi ne da ake iya daurewa. Bayan an gama wurin yakan yi ja, ko ya ɗan kumbura, ko jini ya kwanta na 'yan kwanaki. Sauƙin kuma ba ranar yake zuwa ba, yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3.

Abin da masu bincike suke gani shi ne, jijiyar da ta daɗe tana ciwo kamar gonar da ƙasarta ta ƙeƙashe ce, jini ba ya isarta sosai, gyaran jiki ya tsaya. Bugun yana tayar da ita, ƙananan hanyoyin jini su tsiro, jiki ya sake kama aikin gyara, sa'an nan kuma yana dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Wato jiki ne mai warkar da kansa, injin kaftu kawai ya yi.

JIJIYA SUNA ƊAYA, ABU UKU

A nan sai mun yi hattara da harshenmu. Mu Hausawa hanyar jini jijiya muke ce mata, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya. To, wannan inji da ta ukun yake aiki, irin agara da ke bayan dunduniya, wadda kowane mahauci ya san ta. Haka nan duk ciwon da ya kama gaɓa sai mu ce sanyi ne. Alhali kuwa a ƙarƙashin wannan sanyi akwai cututtuka da yawa, kowace da hanyarta. Wanda ya ce a ba shi hatsi bai faɗi ko gero ko dawa ko masara ba, duk abin da aka auna masa sai ya karɓa.

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda injin ya ci kuɗinsa da inda bai ci ba.

Na ɗaya, dunduniya. Alamarsa kowa ya sani: ka tashi da asuba, takun farko kamar ka taka ƙusa, ka ɗan zazzaga sai ya lafa, ka zauna ka daɗe ka miƙe sai ya dawo. Wata jijiya ce mai faɗi a tafin ƙafa, daga dunduniya zuwa yatsu, ta gaji. An yi gwaji a ƙasar Ostireliya a 2002 da mutum fiye da 160, aka yi wani a Jamus a 2003 da mutum 272. Rabi aka yi musu da ƙarfin injin na gaskiya, rabi aka yi musu na bogi ba su sani ba. A duka biyun ba a ga wani bambanci na kirki ba. Amma a 2008 an buga sakamakon wani gwajin da kusan mutum 250, da injin nan mai baza bugu, inda 61 cikin 100 suka sami sauƙi bayan mako 12, waɗanda aka yi wa na bogi kuwa 42 cikin 100.

Alhazai, ku yi lissafin nan da ni. Mutum 42 sun ji sauƙi ba tare da an yi musu komai ba. Ribar injin ita ce abin da ke tsakani, wajen mutum 19 cikin 100. Riba ce, ba a raina ta, amma ba ita ce mu'ujizar da ake talla ba. Kuma dama ciwon dunduniya, mutum 8 ko 9 cikin 10 yana barinsu cikin shekara guda da miƙe jijiya da canjin takalmi kawai. Shi ya sa ake ajiye injin don wanda ya yi wata 6 yana bin waɗannan hanyoyi bai ga haske ba. Wani kuma za a ɗauki hoton ƙafarsa a nuna masa ɗan tsinin ƙashi a dunduniya, a ce injin zai fasa shi. Mutane da yawa suna da wannan tsini ba sa jin komai, kuma ba fasa shi injin yake yi ba.

Na biyu, kafaɗa. Akwai wani ciwo da wani abu kamar alli yake taruwa a cikin jijiyar kafaɗa, mutum ya kasa ɗaga hannu ya sa riga, ya kasa kwanciya ta gefen. Hoto ne ke nuna shi. A 2003 an buga sakamakon gwajin mutum 144 a Jamus da Ostiriya, aka ga waɗanda aka yi wa bugu mai ƙarfi sun fi samun sauƙi, kuma a da yawansu allin ya narke. To, amma ba kowane ciwon kafaɗa ne wannan ba. Akwai sandarewar kafaɗa wadda ta fi kama masu ciwon sukari, ita motsa gaɓa take so da kuma daidaita sukarin.

Na uku, gwiwar hannu, ciwon telan da ke riƙe almakashi da uwargidan da ke matse wanki, wanda ɗaga buta ma sai an cije. Wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 9 na mutum 1,006 a shekarar 2005, ta ce amfanin injin a nan kaɗan ne ko ma babu. Wannan ciwo shi ma yawanci da kansa yake tafiya idan an rage aikin da ya kawo shi, aka ƙarfafa tsokar hannu.

Na huɗu, agara. A nan an ga injin yana taimakawa idan an haɗa shi da motsa jiki na musamman. Wani bincike na 2009 ya nuna waɗanda suka haɗa biyun sun fi waɗanda suka yi motsa jikin kaɗai.

Na biyar, gwiwar ƙafa, wadda ita ce ta fi damun dattawanmu, har wasu sai a kan kujera suke salla. Yawanci guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya cinye saboda shekaru da nauyi. Babu injin da ke mayar da guringuntsin da ya tafi. Hukumar NICE ta Ingila, wadda aikinta auna magunguna ne kafin gwamnati ta kashe kuɗi a kansu, ta fitar da ƙa'idar wannan ciwo a 2022, kuma abin da ta sa a gaba shi ne motsa jiki da rage ƙiba. Injin bugu ba ya cikin abin da ta ce a riƙa bayarwa. Ita wannan hukuma tun 2009 ta dubi injin game da dunduniya da gwiwar hannu, ta ce ba ta ga wani babban hatsari ba, amma shaidar amfaninsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Kun ga ke nan haja ce ta gaskiya, tana da inda take aiki, wato tsohon ciwon jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, wanda aka san sunansa, aka bi hanyoyi masu sauƙi suka gaza. Wanda ya ce muku tana maganin sanyi da shanyewar ɓarin jiki da hawan jini da sukari duk a zama ɗaya, ku riƙe aljihunku.

WAƊANDA BA A YI WA

Akwai mutanen da ba a kusantar su da wannan inji. Mace mai juna biyu. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko wanda jininsa ba ya saurin daskarewa. Wurin da ke da ƙurji ko gyambo ko ƙari. Yaron da ƙashinsa bai gama girma ba. Wanda aka yi wa allurar sitiroyid a wurin cikin makonni 6 da suka wuce. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya shi ma sai ya faɗa tun kafin a fara. Duk mai injin da bai tambaye ka waɗannan ba ya ce hau gado, ka sa takalminka ka fita.

Sa'an nan akwai ciwon da ba ya jiran gashi ko tausa, asibiti ake nufa a ranar. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Ciwon ƙashi da ke tashe ka da dare kana ramewa. Ciwon baya da ƙafa ke mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Ciwon kafaɗar hagu tare da nauyin ƙirji da gumi, wannan yana iya zama zuciya. Sha-raɓar da ta kumbura gefe ɗaya, yana iya zama gudan jini, kuma matsa shi yana iya tura shi huhu. Ga kuma yaranmu masu sikila da ke kukan ƙugu suna ɗingishi, wannan sau da yawa kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa, likitan ƙashi yake bukata da wuri. Masu sukari da ke jin tafin ƙafa yana zafi kamar barkono ko yana dindiris, su ma hanyarsu daban.

ABIN DA YA FI INJIN HATSARI

Jama'a, ina so in faɗi wata gaskiya. Wannan inji ko bai yi amfani ba, yawanci kuɗi kawai ya ci. Abin da ke cin ran mutanenmu yana cikin aljihun rigunanmu yanzu haka. Ana zuwa kemis a ce a haɗa na ciwon jiki, a ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, a kora da shayi, kullum. A ciki akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu tare. Waɗannan idan aka daɗe ana sha suna huda ciki, suna tayar da hawan jini, suna lalata ƙoda. Wanda ƙodarsa ta tsaya kuwa, kun san abin da wankin ƙoda yake yi wa jarin gida. Akwai kuma dexamethasone da prednisolone, masu sa mutum ya ji garau kwana biyu, fuska ta cika a ce ya yi ƙiba, alhali suna tayar da sukari suna rarake ƙashi. Tramadol kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, mun ga abin da ya yi wa matasa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne maganin nan ciprofloxacin, da muke saya da kanmu duk lokacin da muka ce taifot ne. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi a kwalinsa da na danginsa cewa suna iya kumbura jijiya har ta tsinke, musamman agara, kuma hatsarin ya fi ga wanda ya haura shekara 60 da mai shan sitiroyid. Duk wanda yake shan sa ya ji bayan dunduniya ya fara ciwo, ya koma wurin likita nan take, kada ya je a buga masa inji a kai.

Ita ma allurar sitiroyid da ake yi a gaɓa tana da ranarta, amma a hannun wanda ya sani. A ciwon gwiwar hannu, wani bincike na Ostireliya a 2013 ya nuna tana ba da sauƙi da wuri, amma bayan shekara waɗanda aka yi wa sun fi samun dawowar ciwon. A dunduniya kuma yawan yin ta yana iya tsinka jijiyar.

Ban zo in zagi masu ɗori da wanzamai ba, da su muka tashi, kuma 'yan'uwanmu ne. Sai dai sakiya da tsaga a ƙafar mai ciwon sukari gyambo suke zama, gyambon kuma shi ke kai mutum ga yanke ƙafa.

MAGANIN DA BA A SAYARWA

Abin da ya fi aiki a yawancin waɗannan cututtuka kyauta ne, shi ya sa ba a tallarsa. Mai ciwon dunduniya, kafin ka sauko daga gado ka sa tawul ko rawani a tafin ƙafa, ka jawo yatsu wajenka, ka riƙe kamar daƙiƙa 30, sau 3. Da rana ka dafa bango ka miƙe sha-raɓa. A shago ka ajiye kwalba a ƙasan teburi kana murza ta da tafin ƙafa. Silifan da ya suɗe ya zama kamar takarda a yar da shi, a sami takalmi mai taushin dunduniya, a shimfiɗa wani abu mai laushi inda ake tsayuwa.

Mai ciwon agara, akwai motsa jikin da wani likitan ƙasar Suwidin, Alfredson, ya bayyana a 1998. Ka tsaya a bakin matakala da kan yatsu, ka sauke dunduniya ƙasa a hankali, sau 15, zubi 3, safe da yamma, har mako 12. A bari mai aikin gashi ya fara nuna maka, don ba kowane ciwon agara ne ake yi wa iri ɗaya ba. Mai ciwon gwiwa kuma ya ƙarfafa tsokar cinya, ya rage tumbi. An auna an ga kowane kilo 1 da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa wajen kilo 4 a kowane taku. Ga titunan GRA nan shimfiɗe, da asuba babu cunkoso, tafiyar minti 30 ba ta cin ko sisi. Wahalar wannan magani ɗaya ce, yana son naci. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI KAFIN CINIKI

To, idan an yi duk wannan ciwo bai tafi ba, aka ce a gwada injin, ga abin da ɗan kasuwa zai tambaya.

Na farko, mene ne sunan ciwona, kuma da me aka gane shi? Idan amsar ita ce sanyi, ba a fara ba.

Na biyu, kai wane ne? Aikin gashin ƙashi karatun jami'a ne, ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri da wasunsu. Akwai hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988. Mai lasisi ba ya jin haushi don an ce ya nuna.

Na uku, wane inji ne wannan? Yanzu kasuwa ta cika da 'yar bindigar tausa mai caji, da wata mai wayoyi da ake mannawa a fata tana tsikara. Waɗannan ba su ne injin bugun jijiya ba, ko da an rubuta sunan a kwali. Mu da muke shiga kasuwa mun san kwali ba ya jin kunya.

Na huɗu, zama nawa, kuma nawa ne jimla? Idan an ce zama 20 ko 30 a biya gaba ɗaya, wannan ya saɓa wa yadda aka san ana yi. A yi magana tun farko: in an gama zama 3 zuwa 5, aka jira wata 3 babu canji, me za a yi?

Na biyar, wane motsa jiki zan haɗa da shi, kuma wane magani zan daina? Yawanci ana cewa a ajiye irin su diclofenac a lokacin, a kuma huta da aiki mai nauyi kwana ɗaya ko biyu bayan kowane zama.

Wurin fara tambaya kuwa bai yi mana nisa ba. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a hanyar Ashaka, wanda aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, ya zama na koyarwa a 2014, yana da likitocin ƙashi da sashen gashi. Ga Asibitin Ƙwararru na jiha. Abin da ya fi ƙarfin nan, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959, kuma kusan kowannenmu yana da masauki a Kano. Layi ne dai za a bi, a yi haƙuri da shi. Wuni ɗaya a layi ya fi shekara ana zuba kuɗi a ramin da ba a san zurfinsa ba.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Daga ƙarshe ina da roƙo uku ga shugabanni. A gayyato mana ma'aikacin gashin ƙashi mai lasisi a taro mai zuwa ya nuna mana waɗannan motsa jiki da idonmu, a samo mace kuma ta nuna wa iyayenmu mata a ɓangarensu, don su ne suka fi ɓoye ciwo. A shirya ranar awon sukari da hawan jini ga duk wanda ya haura 40. Sa'an nan asusun taimakon marasa lafiya ya sa sharaɗi, duk wanda zai karɓi gudummawa don irin wannan inji ya zo da takardar likita mai ɗauke da sunan ciwonsa. Kuɗin nan gumin 'yan'uwa ne, amana ne a hannunmu.

Ku kuma matasa da kuke turo wa iyayenku tallace-tallace a waya, ku riƙa dubawa kafin ku turo. Uba idan ya ga daga ɗansa mai boko abu ya fito, gaskata shi yake yi.

Wanda ya ji wannan magana ya kai wa wanda bai zo ba, musamman 'yan dako da masu tura baro, waɗanda ba sa samun zuwa taro kuma su ciwon ya fi ci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da garin nan da ya karɓe mu lafiya.